NAFKIN NA ƘYALLE DA FIL: ƊINKI DA SAUƘI, AIKIN YANA WAJEN WANKI

Duk uwar da ta je sayen famfas a kasuwar Shuwarin ko a kantunan Dutse cikin 'yan shekarun nan ta san abin da ya sami kuɗinsa. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Mayu na 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai. A watan Disamba na wannan shekara kamfanin Procter & Gamble, masu yin Pampers, suka ce za su daina yin kaya a Nijeriya, sai dai su riƙa shigo da shi daga waje. A 2024 kuma kamfanin Kimberly-Clark, masu yin Huggies, suka rufe ma'aikatarsu ta Ikorodu a Jihar Legas. Abin da aka yi a can nesa ya iske mai jego a ɗakinta a Kiyawa, da Andaza, da Katanga.

Bari mu yi lissafi. In jariri ya ɓata shida kowace rana, a shekara ɗaya ya ɓata 2,190. Kafin a yaye shi a shekara biyu ya ɓata 4,380. Maigida ya tambayi kuɗin guda ɗaya a kasuwa, ya ninka, sa'an nan ya gwada da kuɗin buhun gero. Saboda wannan tsada ne wata uwa takan sa wa yaro famfas ɗaya tun safe har dare, wai kada a yi asara. Yaron kuwa shi ne ke biyan kuɗin da fatar jikinsa.

Nafkin na ƙyalle yana fid da mu daga wannan. Guda ashirin da huɗu sun isa yaro ɗaya, su kuma jira ƙanensa. Ba abin kunya ba ne. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana a Luka sura 2 cewa Ubangijinmu kansa, sa'ad da aka haife shi, da 'yan ƙyallaye aka naɗe shi. Amma fa mu faɗi gaskiya tun da fari: nafkin da ba a wanke da kyau ba, gara ma babu shi. Wadda ba ta da halin ruwa da sabulu, gara ta bi hanyar kakanninmu, waɗanda sukan lura da motsin yaro, su ɗora shi a kan ƙafafunsu ya yi abin da zai yi. Wannan dabara ce mai kyau, kada a raina ta, muddin dai abin da ya fito ya tafi masai. Ko wadda take da nafkin ma ta riƙa yin haka da rana, ta bar nafkin domin dare, da tafiya, da ranar kasuwa, da sujada ranar Lahadi. Wanki zai ragu.

ƘYALLEN DA YA DACE

Auduga ake so, ba wani abu ba. Tsohon zane da ya sha wanki ya fi sabo, gama sabuwar atamfa tana da sitaci, ruwa yakan gangara a kanta kamar a kan ganyen gwaza. Yadin roba, da leshi, da shadda mai maiƙo ba su shan fitsari, sai su tara shi a jikin yaro. In kina shakkar yadi, zare zare ɗaya ki sa masa ashana. Auduga takan ci wuta ta zama toka mai laushi, tana wari kamar takarda. Roba kuwa sai ta narke ta dunƙule kamar ƙwallo.

Zane ɗaya yadi biyu ne, wato inci 72, faɗinsa kuwa wajen inci 46. In an yanka shi uku ta tsawo, biyu ta faɗi, za a sami ƙyalle shida masu kusurwa huɗu, kowane wajen inci 23 ko 24. Wannan shi ne girman nafkin irin na kanti. Amma atamfa ba ta da kauri, don haka a haɗa biyu-biyu a ɗinke, zane ɗaya ya ba da nafkin uku masu kyau. Tsohon tawul ya fi kome shan ruwa, ana kuwa samunsa a wurin 'yan gwanjo. A tafasa shi kafin ya taɓa jikin yaro. A kalmashe baki duka, don kada zare ya fita ya naɗe wa jariri yatsa ko gabansa. Wannan ƙaramin abu ne, amma zare ɗaya in ya shaƙe yatsa har ya kumbura, sai an kai ga asibiti.

Ki yanka kuma waɗansu ƙananan tsummoki daga tsohuwar singileti, kamar tafin hannu biyu. Za ki riƙa shimfiɗa ɗaya a tsakiyar nafkin. Shi zai tare kashi, babban nafkin kuwa fitsari kaɗai zai sha.

Wajen naɗi, hanya mafi sauƙi ita ce a ninka ƙyallen ya zama mai kusurwa uku. A kwantar da yaro, dogon gefen yana daidai ƙugunsa. A ɗago kusurwar ƙasa ta tsakanin ƙafafunsa, a kawo na dama da na hagu su haɗu a kanta. Ga namiji a ƙara kauri ta gaba, ga mace ta tsakiya da baya. In cibiya ba ta faɗi ba tukuna, a lanƙwasa bakin nafkin ya tsaya a ƙarƙashinta, domin fitsari kada ya jiƙa ta. Cibiya takan faɗi cikin mako ɗaya ko biyu. Kafin nan man cibiya na asibiti kaɗai za a sa mata, wanda ake kira kulohekzidin. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma mai datti.

FIL

Wani Ba'amurke mai suna Walter Hunt ne ya ƙago fil mai makulli a shekarar 1849, ya sayar da hakkinsa a kan dala 400. Har yau siffarsa ba ta sake ba. Amma ba kowane fil mai makulli ne na nafkin ba. Ƙananan nan da mata ke kama mayafi da su ba su da ƙarfi, sukan lanƙwashe su buɗe da kansu in yaro ya yi miƙa. Fil na nafkin babba ne, tsawonsa wajen inci biyu, yana da hula a ka wadda ake turawa ta danne bakin. A nemi irin wanda ba ya tsatsa. Huɗu sun isa gida.

Ga yadda ake sa shi. Ki cusa yatsunki biyu na hagu tsakanin nafkin da cikin yaro, ki ɗaga ƙyallen kaɗan. Sa'an nan ki soka fil da hannun dama. In an yi kuskure, ke zai soka, ba shi ba. Fil ya kwanta a gicciye, kada ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, gama yaro in ya naɗe ƙafafunsa zai iya danna tsinin cikin cikinsa. In biyu za ki sa, ɗaya a kowane kwiɓi, tsinin ya dubi waje, nesa da cibiya. Ki kama rufi biyu na sama sosai, amma ki bar rufi na can ciki wanda ke taɓa fata. Bayan kin kulle, ki gwada: yatsu biyu su shiga a ƙugu ba tare da wahala ba. In ba su shiga ba, kin matse shi. In hannu duka ya shiga, zai zubo miki a baya.

Fil in ya daɗe yakan dakushe, sai uwa ta riƙa turawa da ƙarfi, nan ne kuwa hatsari yake. Ki ajiye guntun sabulu musamman, ki riƙa soke su a ciki sa'ad da kike sake wa yaro. Sabulun yana sa tsini ya yi santsi, ya kuma ba ki wurin ajiya da ba za ki manta ba. Kada ki riƙe fil a baki. Yaro mai wata takwas duk abin da ya ga uwarsa ta kai baki shi ma zai kai. Kada ki soke shi a tabarma, ko a katifa, ko a bakin zanenki, ki ce yanzu za ki ɗauka. Ki san adadinsu, ki ƙidaya su kowane dare. Wanda ya yi tsatsa ko makullinsa ya yi sako-sako, a kulle shi a jefa masai.

Yayar da ke reno, 'yar shekara bakwai ko takwas, kada a ba ta fil. In uwa za ta gona ta bar mata yaro, a yi amfani da nafkin mai igiya. Kowane tela zai iya ɗinka igiya biyu masu faɗi a kusurwoyin ƙyalle, a riƙa ɗaurewa a gefe. A gaskiya ma mu mun fi son mai igiya ga gidan da yara suke da yawa.

In fil ya soki yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a lura da shi kwana biyu. In ya kumbura ko ya yi ja, a kai shi asibiti. Allurar rigakafi da ake yi a mako 6, da 10, da 14 tana tsare shi daga ciwon tetanas, mai sandarar da jiki. In kuwa ana zaton ya haɗiye fil, kada a ɗura masa manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. A nemi abin hawa nan da nan zuwa babban asibiti a Dutse, inda za a ɗauki hoto a ga inda ya tsaya, a ga kuma ko a buɗe yake.

INA KASHIN ZAI TAFI?

Nan ne maganar take. A watan Oktoba na 2022 aka shaida Jihar Jigawa ita ce ta fari a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili, a dukan ƙananan hukumominta 27, har da Kiyawa. Mutane sun yi wahala, sun haƙa masai, sun yi masa murfi. Amma akwai ƙofa ɗaya da takan zauna a buɗe, ita ce ta kashin jariri. Sau da yawa mukan ji an ce, "Ai na yaro ne, nono ne kawai." Sai a ɗauraye tsumma a tsakar gida, ruwan ya bi rariya zuwa lungu, kaji su bi, ƙudaje su bi, yara masu rarrafe su bi.

Wannan magana ba gaskiya ba ce. Yara ƙanana su ne suka fi kowa yin zawo, saboda haka kashinsu yakan ɗauki ƙwayoyin cuta ya fi na babba. Ta wannan hanya cutar shan inna take yaɗuwa, da kwalara, da tsutsar ciki, da wata ƙwayar zawon yara da ake kira rota, wadda aka fara ba da rigakafinta a asibitocin gwamnati a 2022. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Tun a zamanin Musa, a Maimaitawar Shari'a sura 23, an umarci jama'ar Isra'ila su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya haƙa rami ya rufe abin da ya fito daga jikinsa. Ba a ce ban da na yara ba. Maƙwabtanmu Musulmi su ma suna lura da najasa ƙwarai, don haka wannan aiki ne da unguwa duka za ta iya yi da baki ɗaya.

Famfas ma bai tsira daga wannan ba. In an jefa shi a bola, karnuka da awaki su yage shi, iska ta kai shi gona tare da taki. In an jefa shi masai, ba ya ruɓewa, sai ramin ya cika kafin lokacinsa. Nafkin na ƙyalle ya fi shi a nan, in an bi ƙa'ida.

Ga ƙa'idar. Ki sami bokiti biyu, ɗaya mai murfi, waɗanda ba a ɗiban ruwan sha da su har abada. A ɗaura musu jan tsumma a hannu domin kowa ya gane su. Da zarar kin cire nafkin, ki tafi da shi bakin masai, ki kankare kashin da ɗan kara, ki jefa karan ciki. Ki zuba ruwa da buta ki ɗauraye shi a can, ruwan ya shiga ramin. Sa'an nan ki sa shi a bokiti mai murfi da ruwan sabulu kaɗan. Bokitin nan ya zauna inda mai rarrafe ba zai kai ba, gama yaro yana iya faɗawa da ka cikin ruwan da bai kai taki ɗaya ba, ya kasa fita. Kada nafkin ya wuce kwana ɗaya a jiƙe. A zafin bazara, sa'ad da rana take wuce awo 40 a ƙasarmu, wanda ya kwana biyu yakan yi wari mai yaji da ke shiga ido. Wannan abin da ke shiga idonki shi ne ke ƙona fatar yaro.

Da safe ki wanke da sabulu. Sabulun wanki na sanda ya isa. In garin sabulu ne, kaɗan za ki sa, domin yana da wuyar fita. Ɗauraya ita ce babban aiki: sau uku, har ruwa ya fito garau babu kumfa. Waɗansu ƙurajen da ake ɗora wa laifin ƙyalle, saurar sabulu ce ta kawo su. Ruwan jiƙo da ruwan wanki na fari su tafi masai, ko wani rami da aka haƙa domin su. Na ɗauraya ta ƙarshe ana iya ba wa bishiya.

Kada a yi wankin nafkin a bakin rijiya, ko a gindin famfon tuƙa-tuƙa, ko a kududdufin da dabbobi ke sha. Mun san ɗaukar ruwa zuwa gida wahala ce, a bakin rijiya kuma akwai hira. Amma ruwan wankin yakan tsuma ƙasa ya koma inda ya fito. Ma'aikatan tsabta sun ce masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, wankin nafkin ma haka ne.

Sau ɗaya a mako, ki tafasa su minti 10 a tsohuwar tukunya da aka keɓe. Itace yana da tsada, saboda haka ki ɗora bayan kin sauke tuwo, wutar da ta rage ta yi aikin. In yaro yana zawo, kullum za a tafasa har ya warke. Bayan kowane sakewa da kowane wanki, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ba da nono ko ki taɓa ƙwarya. In sabulu ya ƙare, toka mai tsabta ta fi ruwa kawai.

Maigida, kai ma da naka. Haƙa rami, da ɗaura igiyar shanya, da kuɗin sabulu, da garwar ruwa biyu a kan ta kullum, duk naka ne. Mace mai jego da take wankan safe da yamma ba za ta iya ƙara wannan a kanta ita kaɗai ba.

SHANYA

Allah ya ba mu rana kyauta, tana kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma fid da tabo. A shanya a kan igiya, a buɗe sosai, a tsakiyar rana. Kada a shimfiɗa a ƙasa, ko a kan dangar kara, ko a inuwa. Akwai wani irin ƙuda da ke son ƙasa ko tufa mai ɗanshi da warin fitsari a inuwa, yakan saka ƙwai a kai. In an sa wa yaro tufar, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige fata, ta yi ƙurji kamar maruru mai ɗan baki a tsakiya, yaro ya yi ta kuka ba a san dalili ba. Da damina ya fi yawa. Maganinsa guga: dutsen guga na gawayi mai zafi sosai, ciki da baya. Daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da hadari ke hana shanya, a goge kowane nafkin. Da hunturu kuwa sukan bushe su yi tauri kamar ƙirgi, sai a murza su da hannu su yi laushi.

ƘURAJE

Wandon roba da ake sawa a kan nafkin yana tsare zanen uwa, amma yana dafa yaro. A sa shi domin tafiya da majami'a, in an dawo gida a cire. A sake nafkin da zarar ya jiƙe. A wanke yaro da ruwa mai ɗumi, mace daga gaba zuwa baya, a tsane shi da ƙyalle mai laushi, a bar shi tsirara a kan tabarma ya sha iska. Sa'an nan a shafa man kaɗanya mai tsabta ko basilin. Hoda ba ta da amfani a nan: takan dunƙule a matsematsi, ƙurarta kuma tana shiga huhun jariri.

In wurin ya yi ja, iska da yawan sakewa sukan warkar da shi cikin kwana uku. In ya wuce haka, ko ya yi ja wur har cikin matsematsi da 'yan ɗige-ɗige a gefe, ko kuma bakin yaro ya yi fari-fari a ciki, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Kada a sayi man nan na kemis da ake cewa yana maganin kome, wanda waɗansu mata ke shafawa don su yi fari. Yana sa fatar jariri ta yi siriri, ciwon kuma ya dawo da ƙarfi.

Nafkin na ƙyalle yana da wani amfani da famfas ba shi da shi: yana faɗa wa uwa gaskiya. Daga kwana biyar da haihuwa, jaririn da ke samun isasshen nono yakan jiƙa shida ko fiye a yini da dare. In kin ƙidaya haka, nononki ya isa, kada kowa ya sa ki ƙara masa ruwa ko koko kafin wata shida. In yana zawo, nafkin kuma ya wuni a bushe, ruwan jikinsa yana ƙarewa ke nan. Ki ci gaba da ba da nono, a ba shi ruwan gishiri da sukari na cikin 'yar jaka irin na asibiti, a kama hanya. Haka kuma in an ga jini a kashi, ko kashin ya yi fari kamar alli.

AJIYA

In yaro ya girma, a tafasa nafkin duka, a shanya, a goge, a ɗaure su cikin tsohon zane domin mai zuwa. Zumuntar Mata tana iya tara waɗanda aka gama da su, ta kai wa mai jegon da ba ta da hali ranar barka.

Amma kada a sa kafur a akwatin kayan jariri, ko ƙwaya ɗaya. Yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, ana haihuwarsu da wani rashi a jini wanda likitoci ke kira G6PD. Ba a ganewa da ido. Irin wannan yaro in aka sa masa tufar da ta sha warin kafur, ƙwayoyin jininsa sukan farfashe, ya kamu da shawara mai tsanani, wadda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa ta bar shi kurma ko gurgu. Kayan da aka riga aka ajiye da kafur, a fid da su tun ciki yana wata takwas, a wanke sau biyu, a shanya su kwana da kwanaki har warin ya fita sarai. A makon fari kuma a riƙa fito da jariri bakin ƙofa kowace safiya, a duba farin idonsa da dasashinsa a hasken rana. In an ga rawaya, a tafi asibiti a ranar, kada a jira a yi suna.